Darasi: Yadda Ake Gane Ƙarfin Ruwa Ya Wuce Kima a Bututun Gida

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambanta ƙarfin ruwa da yawan ruwan da ke zuba daga famfo;
2. lissafa ƙarfin ruwa daga tsayin tanki ko daga rubutun da ke jikin inji;
3. gane alamomin ƙarfin da ya wuce kima, ya kuma rarrabe su da wasu matsaloli masu kama da su;
4. auna ƙarfin ruwa da geji, ya fahimci abin da allura ta nuna;
5. sanin gyaran da ke da amfani da wanda ke da haɗari.

1. Mene ne ƙarfin ruwa?

Ruwan da ke cikin bututun gida a matse yake. Ko an rufe kowane famfo, yana nan yana danna jikin bututun da mahaɗansa da washar famfo, dare da rana. Wannan dannawa ita ake kira ƙarfin ruwa. Ita ke hawar da ruwa bene, ta fito da shi ta shawa, ta cika tankin masai.

A yawancin garuruwan ƙasar Hausa kukan da aka saba ji shi ne ruwa ba ya zuwa, ko yana zuwa ba ƙarfi. Don haka mai gida idan ya ga famfonsa na tsartuwa sai ya yi murna. Amma kowane bututu da kowane famfo yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Idan aka zarce iyakar, ɓarna takan fara a ɓoye, cikin bango ko ƙarƙashin daɓe, kuma kafin a ankara an kashe kuɗi mai yawa wajen canza kayan da ba su ne asalin matsalar ba.

Wajibi ne tun farko a raba abubuwa biyu da ake yawan gwamutsawa: ƙarfin ruwa da yawan zubarsa. Famfo mai faɗin baki yana iya cika bokiti da sauri alhali ƙarfin ruwan kaɗan ne. Siririn bututun da tsatsa ta cinye cikinsa yana iya ba da ruwa kaɗan alhali ƙarfin da ke bayansa ya yi yawa. Saurin cikar bokiti ba ya zama hujja.

AKWATIN MA'ANA
Ƙarfin ruwa: yadda ruwa ke danna jikin bututu da duk abin da aka haɗa da shi.
Yawan zuba: adadin litar da ke fita daga famfo cikin minti ɗaya.
Ƙarfin tsaye: ƙarfin da ake samu idan an rufe dukkan famfuna, ruwa ba ya motsi.
Bar da psi: ma'aunai biyu na ƙarfin ruwa da ake rubutawa a fuskar geji. Bar 1 daidai yake da kimanin psi 14.5.

Gidan zama yana wadatuwa da bar 3 zuwa 4, wato kimanin psi 40 zuwa 60. Dokokin aikin famfo da ake bi a Amurka sun sa iyaka a psi 80, wato bar 5.5: idan ƙarfin tsaye ya wuce haka, dole a saka abin rage shi. Wannan iyakar ce za a yi aiki da ita a darasin nan.

2. Daga ina ƙarfin yake fitowa?

Abubuwa uku ke haifar da shi a gida: tsayi, inji, da zafi.

Tsayi. Tun a ƙarni na 17 masanin Faransa Blaise Pascal ya yi bayanin cewa dannawar ruwa ta dogara ne da tsayinsa, ba da faɗin mazubinsa ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane tsayin mita 10 yana ba da kimanin bar 1. Ana auna tsayin daga saman ruwan da ke cikin tanki zuwa bakin famfo. Shi ya sa hukumomin ruwa ke ɗora manyan tankunansu a kan tudu, kamar na Goron Dutse a Kano, don ruwan ya gangaro gari da ƙarfinsa. Unguwar da ke kwari ta fi unguwar da ke tudu samun ƙarfi, ko da bututu ɗaya ke ba su ruwa.

Misali na 1. Wani magidanci yana da tanki mai lita 2,000, maƙwabcinsa yana da mai lita 5,000. A gidajen biyu saman ruwan yana mita 7 sama da famfon tsakar gida.
Lissafi: 7 ÷ 10 = bar 0.7.
Ƙarfin ruwansu ɗaya ne. Babban tankin zai fi daɗewa bai ƙare ba, iyakar bambancin ke nan. Gidan da ke shan ruwa daga tankin sama kawai, ba tare da inji ba, ba zai yi fama da ƙarfin da ya wuce kima ba. Idan famfonsa na ɗiga, a nemi dalili a wani wurin.

Misali na 2. Wani gida yana cikin kwari, mita 65 ƙasa da tankin hukumar ruwa.
Lissafi: 65 ÷ 10 = bar 6.5.
Da rana, lokacin da kowa ke ɗiban ruwa, ƙarfin yana raguwa a hanya, ƙila gejin gidan ya nuna bar 4. Da tsakar dare, idan gari ya rufe famfunansa, yana komawa kusa da bar 6.5. Wannan ne dalilin da ya sa bututu ya fi fashewa cikin dare.

Inji. A nan ne matsalar ta fi yawa a gidajen da ke da rijiyar burtsatse. A jikin kowane injin ruwa ana rubuta iyakar tsayin da zai iya tura ruwa, a mita. Idan aka haɗa injin cikin rijiya, wanda aka fi sani da sumo, kai tsaye da bututun gida, aka kuma rufe famfuna yana aiki, duk ƙarfin da ya rage masa a kan bututun gidan zai sauke shi.

Misali na 3. An rubuta mita 95 a jikin sumo. Ruwan rijiyar yana zurfin mita 30 daga doron ƙasa.
Lissafi: 95 − 30 = mita 65, wato bar 6.5.
An wuce iyaka. Banda haka, injin da ke aiki ba tare da ruwa na fita ba yana ɗaukar zafi har ya ƙone.

Haka kuma ƙaramin injin da ake sakawa bayan tanki don ƙara wa shawa ƙarfi. Yana da makunni mai tayar da shi idan ƙarfi ya sauka, ya kashe shi idan ya kai inda aka saita. Saitin da aka saba gani shi ne psi 20 zuwa 40, ko 30 zuwa 50, ko 40 zuwa 60. Idan makunnin ya lalace, ko wani ya murɗa shi don neman ƙarin ƙarfi, injin zai yi ta bugawa har iyakar ƙarfinsa.

Zafi. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, kuma kusan ba ya matsuwa. Lita 50 a cikin hita, idan aka ɗaga zafinta daga digiri 20 zuwa 60, tana ƙaruwa da kimanin kashi uku cikin huɗu na lita. Idan akwai bawul mai hana ruwa komawa baya, wannan ƙarin ba shi da wurin zuwa, sai ƙarfi ya yi sama cikin ɗan lokaci.

3. Alamomin da ido da kunne ke kamawa

Bugu a cikin bango. Idan aka rufe famfo farat ɗaya, ko injin wanki ya tsai da shan ruwa, sai a ji kamar an buga guduma a bututu, wani lokaci har ya yi jijjiga. Ruwan da ke gudu yana da nauyi, kuma idan aka tare masa hanya kwatsam, ƙarfin gudun ya koma kan bututun. Masanin Rasha Nikolai Zhukovsky ya yi gwaje-gwaje a kan wannan a bututun ruwan birnin Mosko, ya fitar da lissafinsa a 1898. Bisa wannan lissafi, ruwan da ke gudun mita 1 a daƙiƙa cikin bututun ƙarfe, idan aka tsai da shi nan take, yana iya ƙara fiye da bar 10 na ɗan ƙiftawar ido. A bututun roba ƙarin bai kai haka ba, domin roba tana ɗan buɗawa. Yawan ƙarfi yana sa ruwa gudu da sauri, saurin kuma yana tsananta bugun. Famfunan zamani masu rufuwa da ɗan juyi kaɗan sun fi tsofaffin masu murɗawa jawo shi.

Ɗigar famfo bayan gyara. Washa takan tsufa, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne a canza ta yau, bayan 'yan makonni famfon ya koma ɗiga, ko famfuna da yawa su riƙa ɗiga a lokaci guda, ko su yi shiru da rana su ɗiga da dare. Kada a raina ɗigo. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000. A rana ɗaya kimanin lita 30 ke nan, fiye da jarka guda mai lita 25 irin ta 'yan garuwa.

Tankin masai da ba ya daina sha. Bawul ɗin da ke cika shi yana rufuwa ne idan ƙwallon da ke yawo a saman ruwa ya taso. Idan ƙarfin ruwan ya fi ƙarfin bawul ɗin, ba ya rufuwa sosai. Sai a riƙa jin ƙaramin sauti ba yankewa, ruwa kuma yana malala ta bututun rarar ruwa. Irin wannan yana faruwa da ƙwallon babban tankin sama.

Tiyo mai kumbura ko fashewa. Gajerun tiyo na ƙarƙashin kwanon wanke hannu, da na injin wanki, da na ƙaramar shawar tsarki, su ne mafi rauni a gida, su ke fara nuna gajiya. Tiyon da ya yi ƙulu a jikinsa ya kusa fashewa, a canza shi a ranar.

Bawul ɗin kariya na hita. Ɗan ɗigo a lokacin da hita ke dafa ruwa aikinsa ne, ba laifi ba ne. Idan kuwa yana tsiyaya ko hita a kashe take, to ko ƙarfin ruwan da ke shigowa ya yi yawa, ko bawul ɗin ya lalace.

Akwai kuma ruwan da ke fantsama daga kwano ya jiƙa mai wanke hannu tun bai gama buɗe famfo ba, da fito ko kuka idan ruwa na gudu, da damshi a bango inda fenti ke kumbura, da mahaɗan da aka liƙa da gam suna saki ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin ruwa ko yawan kunna inji da ya ƙaru ba tare da mutanen gida sun ƙaru ba.

Misali na 4. Wata 'yar huda a bututu tana zubar da lita 100 a rana a bar 3. Ruwan da ke fita ta huda yana ninkawa sau biyu ne idan ƙarfi ya ninka sau huɗu. Idan ƙarfin ya ninka sau biyu kawai, ƙarin kimanin kashi 40 cikin 100 ne. Don haka a bar 6 hudar za ta zubar da kimanin lita 140. Idan tsaga ce a bututun roba, asarar ta fi haka, domin bakin tsagar yana ƙara buɗewa.

AKWATIN MA'ANA
Bugun ruwa: tashin ƙarfi na ɗan lokaci idan aka tsai da ruwa mai gudu farat ɗaya.
Bawul ɗin kariya: ƙaramin bawul a jikin hita mai buɗewa da kansa ya fitar da ruwa idan ƙarfi ya yi yawa.
PN: alamar da ake rubutawa a jikin bututun roba tare da lamba. PN10 na nufin zai jure bar 10 idan zafin ruwan digiri 20 ne.

Wannan sharaɗi na digiri 20 yana da muhimmanci a ƙasa mai zafi. Juriyar bututun roba tana raguwa idan ya ɗauki zafi, kuma rana tana busar da farin bututu har ya riƙa karyewa. Bututun da aka shimfiɗa a kan rufi ko jikin katanga yana shan ranar bazara ba shi da juriyar da aka rubuta a jikinsa.

4. Abubuwan da ke kama da ƙarfin da ya wuce kima amma ba shi ba ne

Alama zato kawai take bayarwa. Inda ruwan gari ke zuwa yana ɗaukewa, iska takan cika bututu, sai famfo ya riƙa tari da tofi idan ruwa ya dawo. Wannan iska ce, tana wucewa bayan mintoci kaɗan. Bututun da ba a ɗaure shi da bango ba yana ƙara ko da ƙarfin ruwa daidai yake. Yashin da sumo ke jawowa daga rijiya yana cin washa, yana kuma hana bawul rufuwa. Tankin masai yana iya yoyo ta robar ƙasansa: a zuba ɗan bula a ciki, idan launin ya bayyana a kwanon masai ba tare da an ja ruwa ba, robar ce ta lalace. Kayan aiki marasa inganci ma suna fashewa ko a bar 2.

Abin da ke ƙarfafa zato shi ne haɗuwar alamomi a wurare daban-daban na gida, da tsanantarsu cikin dare ko lokacin da inji ke aiki. Tabbaci kuwa sai da geji.

5. Yadda ake aunawa

Gejin ƙarfin ruwa ɗan ƙaramin abu ne mai fuska irin ta agogo, ana samunsa a shagunan kayan famfo. A nemi wanda ma'auninsa ya kai aƙalla bar 10. Wasu suna da allura ta biyu, yawanci ja, wadda ke tsayawa a inda ƙarfi ya fi kaiwa. Irin wannan ya fi amfani.

1. A zaɓi famfo mai zare a baki, kamar na tsakar gida ko na injin wanki, a hawan ƙasa, kusa da inda ruwa ke shigowa.
2. A rufe dukkan sauran famfuna, a tabbatar tankin masai ba ya sha.
3. A ɗaura gejin sosai don kada ya yi yoyo, a buɗe famfon gaba ɗaya.
4. A jira allura ta tsaya, a rubuta lambar tare da lokaci.
5. A maimaita da safe, da rana, da kuma bayan sallar isha'i. Idan gejin mai jar allura ne, a bar shi ya kwana a duba da asuba.

Awo ɗaya da rana tsaka ba ya isa, domin da rana ƙarfin ruwan gari yakan sauka. A gidan da ke da inji, a tsaya a kalli allurar daga tashin injin zuwa tsayawarsa.

Misali na 5. Geji ya nuna psi 58 da hantsi, jar allura kuma ta tsaya a psi 93 da asuba.
Lissafi: 58 ÷ 14.5 = bar 4. 93 ÷ 14.5 = kimanin bar 6.4.
Da rana lafiya lau, da dare an wuce iyakar bar 5.5. Gidan yana buƙatar gyara.

Idan ƙarfin daidai yake amma yana tashi ne kawai lokacin da hita ke aiki, ya kuma faɗi da zarar an buɗe famfo, kumburar ruwan zafi ce sanadi.

Mai mitar ruwa yana iya ƙarawa da gwajin yoyon ɓoye: ya rufe komai, ya rubuta lambar mitar, ya sake dubawa bayan awa biyu. Idan ta motsa, ruwa na fita a wani wuri.

6. Abin da ya kamata a yi

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne rage buɗin babban makullin ruwa na ƙofar gida, a bar shi rabi. Wannan yana rage yawan zuba ne kawai yayin da famfo ke buɗe. Da zarar an rufe famfuna, ruwa zai ci gaba da shigowa ta ɗan buɗin har ƙarfin ciki ya yi daidai da na waje. Mai gida zai ga feshin ya ragu ya ɗauka an warke, alhali ƙarfin tsaye, wanda shi ne ke gajiyar da bututu tsawon dare, yana nan yadda yake.

AKWATIN MA'ANA
Bawul mai rage ƙarfi: bawul da ake sakawa a bututun shigowa, mai riƙe ƙarfin cikin gida a inda aka saita shi ko ruwa na gudu ko ba ya gudu.
Tankin kumbura: ƙaramin tanki mai iska da roba a ciki, mai karɓar ƙarin ruwan da zafi ya haifar.

Idan daga ruwan gari ƙarfin ke zuwa, maganinsa bawul mai rage ƙarfi, a saita shi a bar 3 zuwa 4, a sa matacin yashi kafinsa. Gidan da ke da hita, idan aka saka masa wannan bawul, yana buƙatar tankin kumbura, domin ruwan zafi ba zai ƙara samun hanyar komawa baya ba. Idan sumo ne, a tura ruwan cikin tankin sama tukuna, gida ya sha daga tankin. Idan makunnin inji ne, mai gyara ya daidaita shi ko ya canza shi, bayan an kashe wutar lantarki. Bugun ruwa yana raguwa idan aka ɗaure bututu da kyau, aka saba rufe famfo a hankali, aka kuma saka ɗan abin shanye bugu kusa da injin wanki.

Gargaɗi: kada a toshe bawul ɗin kariya na hita don yana ɗiga. Shi ne mafitar ƙarshe idan ƙarfi ko zafi ya wuce iyaka, kuma hitar da aka toshe wa shi tana iya fashewa ta yi kisa. Idan ya lalace, a canza shi da mai lamba irin tasa.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambanci tsakanin ƙarfin ruwa da yawan zuba? Kawo misalin da ɗaya ya yi yawa ɗayan ya yi kaɗan.
2. Saman ruwan tanki yana mita 12 sama da famfo. Bar nawa ke nan? Zai canza idan aka sa tankin da ya ninka shi girma a tsayi ɗaya?
3. An rubuta mita 110 a jikin sumo, ruwan rijiya kuma yana zurfin mita 40. Nawa ne ƙarfin idan aka rufe dukkan famfuna? Ya wuce iyaka?
4. Geji ya nuna psi 87. Mayar da shi zuwa bar.
5. Me ya sa ƙarfin ruwan gari ke ƙaruwa da dare?
6. Kawo alamomi huɗu na ƙarfin da ya wuce kima, da matsaloli biyu masu kama da shi.
7. Wani magidanci ya bar babban makullin ruwansa a rabi, amma tiyon injin wankinsa ya sake fashewa cikin dare. Bayyana dalili.
8. Yaushe ɗigar bawul ɗin kariya na hita ke zama abin damuwa, kuma me ya sa ba a toshe shi?
9. Aikin gida: zana hanyar ruwan gidan da kake zaune daga inda yake shigowa zuwa famfo na ƙarshe, ka nuna wurin da ya fi dacewa a ɗaura geji.